Yadda Ake Ɗauke Faifan Tashi na Sabar Daga VM a Mayar da Shi Kan Na'ura ta Zahiri

Yawancinmu masu kula da sabar a nan Kano mun fi sabawa da ɗaukar tsohuwar na'ura mu mayar da ita VM, wato na'urar kwaikwayo da ke aiki a cikin wata na'ura ta hanyar manhaja irin su Proxmox ko VMware, amma akan wayi gari buƙata ta juyo ta ɗaya ɓangaren. Wani lokaci rumbun bayanai ne ya yi girma har yana danne sauran VM ɗin da suke zaune tare da shi, wani lokaci kuma kuɗin lasisi ne ya gagara, musamman tun da Broadcom ya sayi VMware a ƙarshen 2023 aka daina sayar da lasisin dindindin, ga kuma yadda dala take. Na yi wannan aiki sau da dama a ofisoshi da makarantu, kuma abin da na tabbatar shi ne kwafe faifan bai cika ba da wahala ba. Inda ake shan wuya shi ne tsarin da ya tashi ya girma a cikin VM bai san komai ba sai kayan kwaikwayo, saboda haka idan ba a gabatar masa da sabon gidansa tun yana raye a tsohon ba, zai isa can ya ƙi tashi. A wannan bayani zan riƙa kiran VM ɗin da baƙo, na'urar da take ɗauke da shi kuma mai masauki. Na gina bayanin a kan Linux, amma zan taɓo Windows a ƙarshe.

Kayan aiki

Kana buƙatar filashi mai aƙalla gigabait 8 da aka saka wa SystemRescue ko Ubuntu mai tashi daga filashi, da wani faifai na waje wanda zai ɗauki cikakken kwafin baƙon, da manhajar qemu-img wadda take cikin kunshin qemu-utils a Debian da Ubuntu, kuma tana nan a kowane Proxmox. Ka tanadi allo da kibod da za ka jona wa sabuwar na'urar kai tsaye, domin a tashin farko kusan tabbas ba za ka same ta ta hanyar sadarwa ba. Ka riƙe littafi da biro. Ka kuma tabbatar da wutar da ba za ta yanke ba: UPS mai lafiyayyen batir, ko inbata, ko janareta da aka riga aka zuba wa mai, kuma a jona wa duka na'urorin biyu har da suwicin da ke tsakaninsu. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ba abin da za a yi sai a koma farko.

Idan babu mazubin USB da za ka saka sabon faifan a ciki, kebul ɗin sadarwa ya wadatar, zan nuna yadda ake yi a mataki na 5.

1. Ɗauki kwafin ajiya, sannan ka binciki baƙon

Kafin ka taɓa komai ka ɗauki cikakken kwafi. A Proxmox umarnin vzdump yana yin haka, a sauran kuwa ka kashe baƙon ka kwafe fayilolin faifansa zuwa faifan waje. Bayan nan ka kunna shi ka shiga, ka rubuta amsoshin waɗannan tambayoyi a littafinka.

Ta wace hanya yake tashi? Rubuta ls /sys/firmware/efi. Idan jakar tana nan, da UEFI yake tashi, idan babu ita, da tsohon BIOS ne. Proxmox yana ba sabon VM tsohon BIOS sai in an zaɓi OVMF, a Hyper-V kuwa ƙarni na 1 BIOS ne, na 2 UEFI. Sannan ka duba lsblk -f da cat /etc/fstab ka ga yadda aka kasa faifan, ko akwai LVM (tsarin da ke haɗa kason faifai rukuni-rukuni), ko tsarin fayilolinsa ext4 ne ko XFS, ko an kulle shi da LUKS. Idan a kulle yake, ka tabbatar kana da kalmar buɗewa a hannu, domin makullin da aka ɗaure a TPM na kwaikwayo, wato ma'ajiyar makullan tsaro ta VM ɗin, ba zai bi faifan zuwa sabuwar na'ura ba. Ka rubuta adireshin IP da ƙofar fita da DNS daga ip a da ip route.

A wajen mai masauki kuma ka gudanar da qemu-img info --backing-chain a kan fayil ɗin faifan. Zai gaya maka nau'insa, ko qcow2 ne, ko vmdk na VMware, ko vdi na VirtualBox, ko vhdx na Hyper-V, zai kuma nuna girmansa na gaskiya da ko yana jingine da wani fayil. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci: idan an taɓa ɗaukar sinafshot, wato hoton halin da faifan yake ciki a wani lokaci, sababbin bayanai suna cikin fayil na sama ne, wanda ya kwafe na ƙasa kaɗai zai tashi da sabar ta watanni da suka wuce. Abin da ya fi sauƙi shi ne a haɗe sinafshot ɗin duka kafin a ci gaba.

2. Shirya baƙon tun yana raye

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi ne wanda masu gaggawa suke tsallakewa.

Lokacin da Linux yake tashi, yana fara loda wani ɗan ƙaramin kunshi mai suna initramfs, wanda aikinsa shi ne ya gano faifai ya buɗe shi. A cikin VM direbobin da yake buƙata su ne na virtio ko na VMware. A kan na'ura ta zahiri kuwa zai buƙaci ahci don SATA, nvme don NVMe, megaraid_sas don katunan RAID (masu haɗa faifai da yawa su zama ɗaya) na PERC na Dell, hpsa ko smartpqi don katunan Smart Array na HP. Idan direban da ya dace ba ya cikin kunshin nan, na'urar za ta nuna GRUB, wato manhajar da ke tayar da Linux, lafiya lau, ta yi ɗan jim, sannan ta jefa ka cikin baƙin allo tana cewa ba ta ga faifan tushe ba, alhali faifan yana nan cikin ƙoshin lafiya.

A Debian da Ubuntu ka buɗe /etc/initramfs-tools/initramfs.conf ka tabbatar an rubuta MODULES=most, ba dep ba, sannan ka gudanar da update-initramfs -u -k all. A Rocky da AlmaLinux da RHEL kuwa dracut, mai gina wannan kunshi, yana zuba direbobin na'urar da yake kai ne kawai, saboda haka dole ka tilasta masa:

dracut -f --regenerate-all --no-hostonly

Ka duba kanel ɗin kansa da uname -r. Idan an gina baƙon daga hoton girgije, wato shiryayyen faifan da ake yi don sabar da ake haya ta intanet, mai yiwuwa kanel ɗinsa ragagge ne wanda aka cire wa direbobin kayan zahiri. A Debian ka saka linux-image-amd64 a madadin linux-image-cloud-amd64, a Ubuntu ka saka linux-generic. Tsofaffin sabar Dell irin su R610 da R710 suna da katin sadarwa na Broadcom wanda a Debian ba ya aiki sai da kunshin firmware-bnx2, to ka saka shi yanzu da kake da intanet, domin a can ba za ka samu hanyar sauke shi ba. Ka kuma sani cewa RHEL 8 da danginsa sun daina tallafa wa wasu tsofaffin katunan RAID, kuma RHEL 9 ba ya tashi a kan tsohon furosesa da bai kai matakin x86-64-v2 ba. Idan na'urar ta hannu ce, a binciki wannan kafin a biya kuɗinta.

Sai fstab, fayil ɗin da ke lissafa faifan da ake ɗorawa a lokacin tashi. Duk layin da ya fara da /dev/vda ko /dev/sda ka mayar da shi UUID, wato lambar shaidar kason, wadda blkid ya nuna, domin sunan faifan zai canza zuwa /dev/sda ko /dev/nvme0n1, amma UUID yana nan yadda yake. Layukan faifan da ba za su bi ka ba ka rufe su da alamar #, ko ka ƙara musu nofail. A RHEL 9 da danginsa akwai fayil /etc/lvm/devices/system.devices wanda ya haddace tsohon faifan da lambarsa, ka sake masa suna don LVM ya ga sabon.

Abubuwa uku suka rage. Idan akwai cloud-init, mai saita sabar girgije a lokacin tashi, ka kashe shi da touch /etc/cloud/cloud-init.disabled, in ba haka ba zai tsaya neman girgijen da babu shi, har ma ya iya sake saitin sadarwa. Ka duba /etc/default/grub, idan ka ga console=ttyS0 ka cire shi ka sabunta GRUB, domin shi yake karkatar da saƙonnin tashi daga allo har mutum ya zaci na'urar ta maƙale. Sannan ka tabbatar akwai asusun da kake iya shiga da kalmar sirri daga kibod, domin yawancinmu da makullin SSH muke shiga, kuma makulli ba shi da amfani ranar da babu sadarwa. Ka sake kunna baƙon sau ɗaya ka ga ya tashi da sabon kanel.

3. Shirya sabuwar na'ura

Yawancin sabar da ke shigowa hannunmu na hannu ne, ko daga Beirut Road aka samo ko daga Legas aka aiko. Ka buɗe ta ka hure ƙura, ka canza batirin agogo CR2032 ko da yana aiki, domin agogon da ya koma baya yana sa takardun shaidar tsaro su ƙi karɓuwa. Ka duba batirin katin RAID, zafin watannin Maris zuwa Mayu yana kumbura shi, kuma idan ya mutu katin yakan rage saurin rubutu sosai. Idan lokacin hunturu ne, iska ta bushe, jikinka yana tara lantarkin da kake ji yana tsartuwa idan ka taɓa ƙofar mota, to ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kama faifai ko RAM.

Ka shiga saitin na'urar ka zaɓi irin tashin da ka rubuta a mataki na 1, BIOS ko UEFI. Idan za ka yi RAID, ka haɗa shi yanzu. Sannan ka tashi daga filashi, ta irin wannan hanyar, ka gudanar da:

lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL,LOG-SEC
blockdev --getsize64 /dev/sda

Ka kwatanta lambar da ta fito da girman da qemu-img info ya nuna, bait da bait. Masu sayar da faifai da dubu suke lissafi, VM kuwa da 1024. Faifan VM da aka ba 500G yana da bait 536,870,912,000, shi kuwa faifan kanti mai rubutun 500 GB bai wuce kimanin bait biliyan 500 ba, wato wajen 465 a lissafin VM, saboda haka ba zai ɗauka ba. Ka kuma kalli LOG-SEC: idan ya nuna 4096 alhali baƙon a kan 512 aka gina shi, kwafin kai tsaye ba zai yi aiki ba, domin teburin rabon faifai da sekta yake ƙirga wurare. A waɗannan halaye biyu ka bi hanyar rsync da ke ƙasa.

4. Kashe baƙon

Ka sanar da masu amfani da shi, ka tsayar da rumbun bayanai, ka kashe baƙon daga cikinsa da shutdown -h now, ka kuma cire masa alamar tashi da kansa idan mai masauki ya kunnu. Kada ka kwafi faifan VM yana aiki. Kwafin zai kammala ba tare da kuka ba, ɓarnar sai daga baya take bayyana a cikin rumbun bayanai.

5. Rubuta faifan

Kafin ka danna komai, ka ɗauko faifan a hannunka ko ka haska tocila a kan takardar da ke manne a bayansa, ka karanta lambarsa, ka kwatanta da SERIAL da lsblk ya nuna. Sunaye irin su sda da sdb suna iya musanya tsakanin kunnawa da kunnawa, shi ya sa na fi son amfani da sunan da ke cikin /dev/disk/by-id, wanda yake ɗauke da samfurin faifan da lambarsa. Na taɓa zuwa wata makaranta bayan an rubuta kwafin a kan faifan ajiya a maimakon sabon faifai, saboda an cire filashi an mayar haruffan suka sauya, kuma sakamakon jarrabawar zango guda sai daga takardu aka sake shigar da shi. Waɗannan umarnai ba sa tambayar ko ka tabbata.

Idan ka jona sabon faifan a jikin mai masauki, ko ka kawo fayil ɗin wurin sabuwar na'ura a faifan waje:

qemu-img convert -p -f qcow2 -O raw sabar.qcow2 /dev/disk/by-id/sunan-faifan

Ka canza qcow2 zuwa vmdk ko vdi ko vhdx gwargwadon naka. Idan Proxmox ɗinka a kan LVM yake ajiye faifai, za ka same shi a wuri irin /dev/pve/vm-100-disk-0, idan ZFS ne kuma a ƙarƙashin /dev/zvol, kuma waɗannan ba sa buƙatar juyawa, dd ya isa. A LVM mai yiwuwa sai ka farkar da shi da lvchange -ay tunda baƙon a kashe yake. Daga sabuwar na'urar, wadda ta tashi daga filashi, kana iya janyo shi ta kebul:

ssh root@mai-masauki "dd if=/dev/pve/vm-100-disk-0 bs=4M" | dd of=/dev/sda bs=4M status=progress conv=fsync

Layin gigabit yana kai kimanin megabait 110 a daƙiƙa, wato gigabait 200 a wajen rabin awa. Tsohuwar kafar USB 2.0 za ta ci fiye da awa ɗaya da rabi a kan wannan girman, don haka ka nemi kafa mai shuɗin ciki. Idan an gama ka rubuta sync ka jira ya dawo.

Gargaɗi ɗaya ga wanda ya jona faifan a jikin mai masauki: idan baƙon yana da LVM, mai masauki zai iya farkar da shi da kansa, kuma idan sunayen rukunin suka zo ɗaya, rikici ne. Ka cire faifan da zarar an gama.

6. Gyara tebur da faɗaɗa wuri

Faifai mai teburin rabo irin na GPT yana ajiye kwafin teburinsa a can ƙarshe, kuma tunda sabon faifan ya fi girma, kwafin yanzu yana tsakiya. Umarnin sgdisk -e /dev/sda yana mayar da shi ƙarshe. Daga nan growpart /dev/sda 2 yana faɗaɗa kaso na 2, in shi ne na ƙarshe, sai pvresize da lvextend idan akwai LVM, sai resize2fs ga ext4 ko xfs_growfs ga XFS bayan an ɗora shi. Faifai mai tsohon tebur irin na MBR ba ya wuce terabait 2. Ni dai nakan bar faɗaɗawar sai na ga na'urar ta tashi, domin a rage abubuwan da za a zarga idan an samu matsala.

7. Gyara GRUB

Na'urar BIOS sau da yawa takan tashi haka nan. Ta UEFI kuwa tana ajiye jerin abin da za ta tasa a cikin allon uwa ne, ba a faifai ba, don haka sabuwar na'ura ba ta san da tsarinka ba. Daga filashi ka ɗora tushen a /mnt, ka ɗora /boot da /boot/efi a wurarensu idan daban suke, sannan ka shiga cikin tsarin da chroot:

for d in dev proc sys run; do mount --rbind /$d /mnt/$d; done
chroot /mnt

A Debian da Ubuntu masu UEFI ka gudanar da grub-install --target=x86_64-efi --efi-directory=/boot/efi sannan update-grub. Masu BIOS su yi grub-install /dev/sda, su kuma bi shi da dpkg-reconfigure grub-pc su zaɓi sabon faifan, domin tsarin ya haddace /dev/vda kuma zai yi tuntuɓe a kansa ranar da aka sabunta GRUB. A Rocky mai UEFI kada ka yi grub2-install, rajista kawai ake buƙata:

efibootmgr -c -d /dev/sda -p 1 -L Rocky -l '\EFI\rocky\shimx64.efi'

Idan efibootmgr ya ce bai ga "EFI variables" ba, filashin ne ya tashi ta BIOS, sai ka sake tashinsa ta UEFI. Wanda ya manta mataki na 2 yana iya gyara initramfs a nan cikin chroot.

8. Tashin farko da sadarwa

Ka cire filashi, ka bar kebul ɗin sadarwa a cire, ka kunna. Idan ka shiga, ip link zai nuna maka sabon sunan katin: ens18 na Proxmox ko ens192 na VMware ya zama eno1 ko enp3s0. Ka gyara sunan a /etc/netplan ko /etc/network/interfaces ko ta nmcli, ka kuma cire tsohon adireshin MAC idan an ɗaure saitin da shi. Sabar mai kafofi huɗu takan rikitar da mutum, ethtool -p eno1 zai sa fitilar kafar ta riƙa ƙiftawa a baya. Ka tabbatar baƙon a kashe yake kafin ka jona kebul, domin na'urori biyu masu IP ɗaya suna hana juna aiki ta yadda za ka yi ta zargin suwici.

Ka duba systemctl --failed da journalctl -b -p err, ka gwada manhajar da aka yi aikin dominta tare da mutum ɗaya daga cikin masu amfani da ita. Manhajar da aka ɗaure lasisinta da MAC ko lambar na'ura za ta nemi sabon kunnawa.

9. Sallamar kayan VM

Ka cire qemu-guest-agent ko open-vm-tools, ka saka smartmontools da intel-microcode ko amd64-microcode. A da mai masauki ne yake ɗaukar maka kwafin ajiya yana kuma lura da lafiyar faifai, yanzu wannan nauyi ya dawo kanka, to ka tsara kwafin ajiya a ranar. Tsohon VM ɗin ka bar shi a kashe mako biyu ko fiye kafin ka goge.

Idan sabon faifan ya fi ƙanƙanta

XFS ba a rage shi, ext4 kuma rage shi kasada ce da ba ta zama dole ba. Ka kasa sabon faifan da hannunka, ka tsara shi, ka ɗora shi a /mnt. Ka tashi baƙon daga hoton SystemRescue ka ɗora tushensa, sannan ka kwashe fayilolin da rsync -aAXH --numeric-ids ta SSH. Tunda UUID sababbi ne, ka gyara fstab, ka shiga chroot ka sake gina initramfs da GRUB, kuma a tsarin da ke da SELinux ka yi touch /.autorelabel. Hanyar ta fi yawan aikin hannu, amma ita nake bi duk lokacin da sekta ta bambanta.

Idan Windows Server ne

Kwafin iri ɗaya ne. Alamar rashin direba ita ce shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Ka tashi daga filashin saka Windows, ka buɗe wurin rubuta umarni, ka loda direban katin RAID da drvload don a ga faifan, ka cusa shi cikin tsarin da dism /Image:C:\ /Add-Driver /Driver:E:\direba /Recurse, sannan ka gyara tashi da bcdboot C:\Windows, kana lura da cewa haruffan faifai a can sukan bambanta da waɗanda ka saba gani. Ka dakatar da BitLocker tun baƙon yana raye, ka riƙe makullin ceto a rubuce, ka kuma binciki sharuɗɗan lasisinka kafin ranar aikin, domin Windows zai nemi a sake kunna shi a kan sabuwar na'urar.